Masu gyaran tsohon rumbun bayananmu a Damagaram: aikin da suka yi da inda suka rage

Duk wanda lissafin kasuwancinsa ke zaune cikin rumbun bayanai irin na Pick, wato wani tsohon tsarin ajiye bayanai a kwamfuta wanda masu sana'ar ke kira MultiValue, kuma yake son haɗa shi da intanet, akwai wani ƙaramin biro a nan Damagaram da zan iya tura shi wurinsu hankalina kwance. Su uku ne: wani dattijo da kowa ke ce wa Malam, da wata matashiya da ta gama Jami'ar André Salifou, da wani yaro mai kula da wayoyi da na'urori. Ba zan kama sunan kowa ba, domin zan faɗi aibinsu tare da kirkinsu, kuma mu da ke wannan harka a garin nan duk mun san juna.

Mu masu sayar da kayan gyaran manyan motoci ne. Shagon na kawuna Alhaji ne, kusa da Kasuwar Dole, mangaza kuma tana can hanyar Tanut, ni ke riƙe da lissafi. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 tankokin mai suka yawaita a hanyoyinmu, ciniki ya buɗe, kayan da muke ajiyewa suka ninka. Duk abin da ya shiga da abin da ya fita, da bashin da muke bin masu gareji, yana cikin wata manhaja da aka kawo wa Alhaji daga waje tun ina ɗan makaranta, rubuce da Faransanci, tana tafiya a kan UniVerse, ɗaya daga cikin rumbunan bayanai irin na Pick. Baƙin allo ne da koren rubutu, babu hoto ko ɗaya. Amma ka buga lambar boris ko ta filta, kafin ka ɗaga yatsa ta faɗa maka guda nawa suka rage, a wane kanta suke, kuma wa ya saya na ƙarshe.

Abin da ya tayar da maganar intanet shi ne kanikawa. Wanda ke Magarya ko Gure ko Tanut, mota ta mutu masa, sai ya kira a duba masa ko akwai kaza, yaran shago kuma suna fama da layin masu saye. Alhaji ya ce a yi abin da mutum zai duba a wayarsa ya ga kaya da farashi, in ya so ya sa a ajiye masa. Mun fara ba wani mai yin shafukan intanet aikin. Yaron kirki ne, ya iya abin da ya iya, sai dai bai taɓa ganin irin wannan rumbu ba, ya ɗauka duk rumbun bayanai jadawali ne mai layi da ginshiƙi kamar MySQL da ya saba da shi. Da shafin ya fara aiki, filtar mai ta sefa 4,500 sai ta fito 450,000. Kwanan wata ya koma wasu lambobi biyar marasa ma'ana. Wasu faktir ɗin kuma, adadin wannan kaya ya hau kan farashin wancan. Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne rana tsaka allon mai karɓar kuɗi ya sandare, mutane na tsaye, sai an kashe komai an kunna. Shawararsa ta ƙarshe ita ce a zubar da tsohuwar manhajar a sake sabuwa daga tushe.

A nan ne wani abokin Alhaji mai sayar da siminti ya haɗa mu da su Malam.

Abu na farko da ya sa na yarda da su shi ne ba su taɓa komai ba da suka zo. Malam ya nemi kujera kusa da mai karɓar kuɗinmu, wanda ya fi kowa daɗewa a shagon, ya zauna yana kallon yadda ake ciniki, yana tambaya. Me ya sa ka tsallake wannan gurbin? Wannan alamar da kake sawa gaban sunan mutum fa? Daga nan ya buga ƙamusun kowane fayil a takarda ya tafi da su gida. A tsarin MultiValue kowane fayil kashi biyu ne, akwai bayanan kansu, akwai kuma ƙamus da ke faɗin gurbi na nawa ne suna, na nawa ne kuɗi, da yadda za a juya abin da ke ajiye kafin a nuna wa mutum. Wanda bai karanta ƙamus ba ya je ya ɗebo ɗanyen bayani, abin da ya same mu shi zai same shi. Farashinmu ajiye yake babu waƙafi, ƙamus ne ke ɗauke da umarnin MD2, wato a koma baya da lamba biyu. Masu manhajar sun yi ta ne don ƙasar da ake lissafi da santim, wato kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗinsu, mu kuwa dala ce ƙaramin abin da muke ƙirgawa, shi ya sa ba wanda ya taɓa lura da sifiri biyun nan. Yaron farko da ya ga haka sai ya raba duk wani kuɗi da 100, bai san gurbin kuɗin dako da aka ƙara daga baya ba ya ɗauke da wannan umarni, sai dakon jika biyu ya koma sefa 20.

Kwanan wata ma haka ne. Tsarin Pick ba ya ajiye rana da wata da shekara, ƙirga kwanaki yake yi, kuma ranar 31 ga Disamba 1967 ita ce sifiri. Saboda haka 20000 na nufin 3 ga Oktoba 2022. Lokaci kuma daƙiƙoƙi ne daga tsakar dare. Akwai umarni biyu, OCONV da ICONV, masu juya su zuwa yadda mutum ke karantawa da kuma mayar da su. Matashiyar ce ta ce kada a sake wannan lissafin a ɓangaren intanet, a bar rumbun ya juya kayansa da kansa sannan ya miƙo. Wannan shawara tata ita ce ƙashin bayan duk aikin, kuma na ga amfaninta.

Na so in san asalin wannan tsari da ba a koyar da shi a makarantunmu, Malam kuwa ba ya rowar bayani in ana shan shayi. A Amurka aka fara shi a 1965, Dick Pick da Don Nelson suka yi shi a kamfanin TRW don lissafin kayan gyaran jirage masu saukar ungulu na soja. Da na ji haka na gane dalilin da ya dace da shagonmu, tun asali don kayan gyara aka ƙirƙire shi. A 1973 kamfanin Microdata ya fitar da shi kasuwa da sunan Reality, daga nan ya yi rassa: UniVerse, UniData, D3, jBASE, OpenQM. Namu UniVerse ya bi hannaye da yawa, daga VMark zuwa Ardent zuwa Informix, IBM ya karɓe shi a 2001, sannan Rocket Software ya saya a 2009, kuma yana hannunsu ana ci gaba da sabunta shi. Wannan batu na ƙarshe shi ya kwantar wa Alhaji da hankali, don an riga an gaya masa wai abin ya mutu ba mai kula da shi.

Rikicewar faktir ce ta fi ba su wahala, ita ce kuma inda na fi ganin gwanintarsu. Malam ya buɗe mini faktir ɗaya ɗanyenta a allo. Duk cinikin mutum ɗaya a wuri ɗaya yake, kamar shafin littafin bashi da mai shago ke ware wa kowane abokin ciniki: lambobin kayan da ya saya jere a gurbi ɗaya, adadinsu jere a gurbi na gaba, farashinsu a na gaba, ragin da aka yi masa a na gaba. Abin da ke raba su wasu alamomi ne da ido ba ya gani a allon ciniki. Alama mai lamba 254 ke raba gurbi da gurbi, 253 ke raba abubuwan da ke cikin gurbi ɗaya, 252 kuma ke ƙara rarraba na ciki. Kaya na uku, adadinsa shi ne na uku a jerin adadi, raginsa na uku a jerin ragi. Matsayi ne kaɗai ke haɗa su. To idan ba a yi wa kaya na biyu ragi ba, wurinsa fanko ne tsakanin alama biyu. Manhajar yaron farko tana zubar da duk abin da ta ga fanko, sai na uku ya matso ya zama na biyu, ragin taya ya faɗa kan filta. Malam ya sa ɗan yatsa a kan alamomi biyun da ke manne da juna a allo ya ce mini, "Ka ga wannan wurin da babu komai, ƙanena? Shi ma bayani ne, ba a taɓa shi."

Sai kuma wata da ba zan manta ba. Sunan wasu kayan lagireto yana yankewa biyu a shafin, su kaɗai. Matashiyar ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta gano duka daga jerin wani dillali na Jamus aka shigar da su, kuma sunayen na ɗauke da harafin ü. A tsohon tsarin haruffan Turai na Latin-1, lambar ü ita ce 252, daidai da alamar rarrabawar rumbun, shi kuma ya ɗauka umarni aka ba shi ya raba. Irin wannan saɓani ne ke sa é na Faransanci ya fito Ã© a waya, domin intanet da wani tsarin haruffa daban, UTF-8, take aiki. Sun tsaftace tsofaffin sunayen, suka sa abin tace haruffa a ƙofar shiga rumbun da ta fita.

Sandarewar allo kuwa maganar kulle ce. Idan mai karɓar kuɗi ya buɗe bayanin wani kaya don ya rage adadinsa, manhajar na amfani da umarnin READU ta kulle shi, kada wani ya taɓa har ya gama. A cikin shago wannan daidai ne, mutum yana zaune gaban allonsa zai gama cikin minti ɗaya. Amma bakanike a Gure ya danna kaya a wayarsa, rezo ya ɗauke, ko an kira shi ya sa wayar a aljihu, shafin farko ya riga ya kulle kayan kuma ba mai sakinsa. Duk wanda ya nemi wannan kaya a shago sai allonsa ya tsaya yana jira. Malam ya buga LIST.READU ya nuna wa Alhaji jerin kullen da wanda ke riƙe da kowanne. Gyaran da suka yi shi ne shafin ya daina kulle komai lokacin da mutum ke dubawa. Sai ya danna cewa a ajiye masa, sannan a kulle na ƙiftawar ido, a sake karanta bayanin, a gwada da abin da aka nuna masa ɗazu. In wani ya riga shi saye sai a gaya masa adadi ya canza. Sun kuma ba kowace oda lambarta tun daga wayar mai saye, yadda in rezo ya katse ya sake dannawa ba za a rubuta masa biyu ba. Wanda ya san halin rezo a ƙauyukanmu ya san darajar wannan.

Akwai kuma batun lasisi. Adadin masu shiga rumbun lokaci guda a ƙayyade yake gwargwadon abin da aka biya, shafin farko kuma kowane mai dubawa sai ya buɗe masa sabuwar shiga, har yaron mangaza ya rasa gurbi. Yanzu wata ƙaramar manhaja ce da aka rubuta da harshen kwamfuta na Python ke tsakanin shafin da rumbun, tana riƙe da ƴan hanyoyi kaɗan a buɗe ta UniObjects, wato gadar da manhajojin waje ke bi su yi magana da UniVerse, duk masu waya suna bi ta cikinsu bi da bi. Ita ke kiran ƙananan shirye-shiryen da Malam ya rubuta a cikin rumbun da BASIC, harshen da ake rubuta shirye-shiryen rumbun da shi, su kuma su mayar mata da amsa a JSON, tsarin rubuta bayani da shafukan intanet ke ganewa. Wannan hanya tana da nata lasisin na daban, kuma sun faɗa mana haka tun kafin a fara, ba su bari mun ji daga baya ba. Sun rufe ƙofar telnet, wato hanyar shiga kwamfutar daga nesa, da aka bari a buɗe ga duk duniya, ita ma ƙofar 31438 da UniObjects ke bi ba ta kallon waje.

Wani aikin ba ma mu muka sa su ba. Malam ya lura rahoton ƙarshen wata na jan lokaci, ya duba da umarnin FILE.STAT mai nuna halin fayil, ya ga fayil ɗin tarihin ciniki tun girman da aka yanka masa ranar farko yake, bayanai sun cika ɗakunansa sun malala, kowane nema sai an bi dogon jeri. Ya yi masa RESIZE, wato ya ƙara masa girma, wata ranar Juma'a da rana shago na rufe. Rahoton da nake sawa in tafi salla in dawo yana nan yana juyawa, yanzu kafin in zuba ruwan shayi ya fito. Kafin su yi wannan kuma sai da suka ɗauki kwafin ajiyarmu suka zuba a wata kwamfuta daban suka tabbatar yana tashi. Sun ce fayil irin wannan in wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu yana iya lalacewa, suka matsa wa Alhaji ya sayi batir mai riƙe babbar kwamfutar har injin wuta ya tashi. Ya yi ta ja da kuɗin. Matashiyar ta ce masa, "Baba Alhaji, bashin da kuke bin mutane duka yana cikin akwatin nan. In ya tafi, wa zai zo da ƙafarsa ya ce ana binsa?" Washegari aka sayo.

Yanzu ga inda suka rage, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne.

Suna da jinkiri. Wa'adin da suka ɗiba ya wuce da nisa, kuma ba su da al'adar kiran mutum su ce ga inda aka tsaya. Sai ka kira, ka sake kira. Na fahimci wani jinkirin na bincike ne, gara a daɗe a yi daidai, amma saƙo ɗaya a WhatsApp ba ya cin komai, ni kuma ni Alhaji ke tambaya kullum da safe.

Na biyu ya fi damuna. Malam kaɗai ya iya BASIC ɗin rumbun sosai. Matashiyar ta ƙware a Python da ɓangaren intanet, tana kuma koyo, amma lokacin da Malam ya yi tafiya Yamai jinyar ɗan'uwansa wata matsala ta taso a lissafin ragi, sai da muka jira ya dawo. Ita da kanta ta ce ba za ta taɓa abin da ba ta da tabbas a kansa ba, kuma na girmama ta a kan haka, amma ciniki ba ya jira. Masu wannan ilimi ƙalilan ne ko a manyan ƙasashe, yawancinsu kuma sun manyanta. Abin na ba ni tsoro ƙwarai, don dukiyar mutane da yawa na rataye da lafiyar mutum ɗaya.

Na uku, rubutaccen bayanin aikin da suka bar mana ya yi kaɗan. Shafi kaɗan ne da Faransanci, rabi ma sunayen shirye-shirye ne kawai ba tare da faɗin abin da kowanne ke yi ba. Sai da na zauna da matashiyar muka bi su tare, ina tambaya tana amsawa ina rubutawa da Hausa a littafina, yadda ko yaron mangaza zai san abin yi in allo ya tsaya. Shafin kansa kuma ba shi da ado ko kaɗan, rubutu ne da akwatin nema. Wannan ban ɗauke shi babban laifi ba, don yana buɗewa ko rezo ya yi rauni, kanikawa kuma ba su yi ƙorafi ba. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. A waya suna fitowa daidai, amma tsohon allon shago ba ya gane su, sai suka sa a mayar da su k da d da b kafin a ajiye. Sun ce UniVerse na da tsarin da ke ɗaukar haruffan harsuna, sai dai kunna shi a kan tsofaffin fayiloli aiki ne babba mai hatsari da ke son gwaji mai tsawo. Na karɓi hujjar, amma ina so a yi, sunan mutum haƙƙinsa ne a rubuta shi daidai.

Kuɗinsu ba araha ba ne. Sun fi yaron farko tsada nesa ba kusa ba, kuma ba sa ragi. Amma sun raba aikin kashi kashi, kowane kashi sai mun gani yana aiki muke biya, kuma duk abin da suka rubuta sun bar mana shi a kwamfutarmu, ba su riƙe wani mabuɗi a hannunsu ba. In aka gwada da abin da sabuwar manhaja za ta ci, da kwashe tarihin ciniki na shekaru, da sake koya wa ma'aikata, da kurakuran da dole a yi a hanya, Alhaji ya ce bai yi asara ba, ni ma da nake riƙe da littafin haka na gani.

Wanda zai fara sabon kasuwanci yau ba shi da irin wannan rumbu, ba sai ya neme su ba, Malam da kansa ya ce shi ba zai ba sabon shago shawarar farawa da MultiValue a nan ba saboda ƙarancin masu gyara. Amma mai tsohon tsari da ke aiki lafiya, kamfanin sufuri ne ko babban kantin magani ko dillalin kayan gini, ya je wurinsu kafin ya saurari mai cewa a rushe. Ya dai sa sharuɗɗa a takarda tun farko: rahoto kowane mako ko da layi biyu ne, cikakken bayanin kowane shiri da harshen da ma'aikatansa ke ji, da gwajin tashin kwafin ajiya a gabansa.

Mu mun sabunta yarjejeniya da su don kula da tsarin, muka ƙara sharaɗi ɗaya da Alhaji ya amince ya biya kuɗinsa daban: duk gyaran BASIC da za a yi mana, matashiyar ce za ta rubuta, Malam ya duba ya sa hannu. Aikin da ke gabansu yanzu shi ne haɗa ƙaramin shagon da muke shirin buɗewa a Agadas da mangazar nan, sai kuma gwajin haruffan Hausa a kan kwafin fayilolin, wanda suka ce za su fara bayan an gama ƙidayar kayan ƙarshen shekara.